A Shiga Nahawun Turanci Ta Ƙofar Hausa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ɗan ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin mu tofa albarkacin bakinmu kan kukan da ake yi duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito. Yaro ya ci darussa bakwai ko takwas, Turanci ya riƙe masa ƙafa, ga shi kuma ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, wato daga C6 zuwa sama. A jarrabawar JAMB ma tambaya 60 cikin 180 ta Turanci ce. Iyaye su ɗora laifi kan malamai, malamai su ɗora kan wayar hannu, a watse, baɗi a sake. Mu da muke koyar da wannan darasi a sakandare muna ganin akwai inda ba a cika dubawa ba, kuma gyaransa ba ya cin ko kwabo.

Ka shiga kowane aji ka tambayi yara mene ne suna, wato "noun", a Turanci, za su rera maka ma'anarsa da murya ɗaya kamar waƙa. Ka ware ɗaya ka ce ya rubuta maka cewa ƙanensa yana zuwa makaranta kullum, nan take ido zai raina fata. Haddar ma'ana ba ta gina jimla. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Yaronmu da Hausa yake ƙulla maganarsa a zuci, sannan ya sa mata rigar kalmomin Turanci. Inda tsarin harsunan biyu ya zo ɗaya sai ya dace: "Audu ya sayi doki" da "Audu bought a horse" jeri guda suka bi, aikau (mai yin aiki), aikatau (kalmar aikin), karɓau (wanda aikin ya faɗa wa). Inda suka saɓa nan yake tuntuɓe, kuma wuraren sanannu ne, ana iya ƙirga su.

Ga irin jimlar da duk mai duba takardun yaranmu ya saba gani:

"My uncle he have been living in Kaduna since ten years and he use to give us many advices, although he is not having money but he always borrow me his phone."

A mayar da ita Hausa a ji: kawuna yana zaune a Kaduna tun shekara goma, yakan ba mu shawarwari da yawa, duk da cewa ba shi da kuɗi amma kullum yana ara mini wayarsa. Kusan babu abin da za a taɓa mata. A Turanci kuwa kuskure tara ne a ciki. Insha'in WAEC kalma 450 ake nema, a kan maki 50: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu. A wannan goman na ƙarshe kowane kuskure rabin maki ne, don haka kuskure 20 ya cinye su ƙurmus. Mai rubuta jimla irin ta sama kafin ya gama sakin layi na farko ya yi asararsu, sannan cutar ta bi shi zuwa makin sarrafa harshe.

Mu fara da aikatau, don nan gizo yake saƙa. A Hausa ɗan wakilin sunan da ke gaban aikatau shi ke ɗaukar nauyin nuna wanda ya yi aiki da lokacin da ya yi. Na tafi, kin tafi, sun tafi, zan tafi, nakan tafi: "tafi" tana nan ba ta motsa ba. Turanci ya ɗora nauyin a kan aikatau ɗin kansa, kuma daga wannan saɓani guda kurakurai da dama suke tsirowa.

Akwai ninka mai aiki. "Musa ya tafi" kalma uku ce, yaro sai ya ba kowace abokiyarta, ya rubuta "Musa he went". Dokar gajera ce: idan an ambaci suna, wakilin suna ya koma gefe. "Musa went." "My father is a farmer."

Akwai harafin s, wanda ya fi kowane harafi kayar da yaranmu. A jikin suna jam'i yake nunawa, a jikin aikatau tilo yake nunawa, kuma wannan baya-da-baya shi ke rikita su. "The boy plays", amma "The boys play". Dabarar da ke zama a kan yaro da wuri ita ce a ce masa a irin wannan jimla s ɗaya ce aka ba shi, ko ya sa wa suna ko ya sa wa aikatau. Sai a ƙara masa da cewa "I" da "you" ba sa son ta, haka jam'in da ba ya ƙarewa da s, irin "children", "people", "police" da "cattle". "News", "mathematics" da "physics" kuwa s ɗinsu ta ado ce, tilo ne: "The news is bad." Matsalar tana ƙara tsanani idan wasu kalmomi suka gitta tsakanin aikau da aikatau. Yaro ya rubuta "The price of tomatoes have gone up" saboda "tomatoes" ce kusa da idonsa. A ce ya rufe "of tomatoes" da yatsa ya sake karantawa, zai ga farashi ne ya tashi, ba tumatir ba, sai ya sa "has". Haka "One of my friends is here". Batun "everybody", "nobody" da "each" kuwa Hausa ta riga ta warware: muna cewa kowa ya zo, ba kowa sun zo ba, to haka nan "Everybody has come".

Sai korewa da tambaya. "I did not went" da "She does not likes" sun cika takardu. Nan ma Hausa ce za ta yi magani in an bar ta ta shigo aji. Yadda "zan" take ɗauke lokaci ta bar "tafi" a yadda take, haka "did" take ɗauke shuɗaɗɗen lokaci, "does" ta ɗauke s, su bar aikatau tsirara: "I did not go", "She does not like it", "Did he come?" Ba a ɗora kaya biyu. Bayan "can", "will", "must", "should" da "may" ma tsirara aikatau yake zuwa.

Lokuta su ne babban fagen, kuma a nan muke so malamai su fi daɗewa. "Na ci abinci" a Turanci gida biyu ta rabu. Idan an faɗi lokacin da abin ya faru, lokacin kuma ya wuce, kamar "yesterday", "last week", "in 2019", "two days ago", to "I ate" ne. Idan ba a faɗi lokaci ba, abin da ake nufi shi ne sakamakon yana nan har yanzu, wato na ci, a ƙoshe nake, to "I have eaten" ne. Saboda haka "I have seen him yesterday" kuskure ne komai daɗin da ta yi a kunne. Gwajin ba wuya: a nemi kalmar lokacin da ya wuce irin waɗancan a jimla, in tana nan, "have" ta fita.

"Ina" tarko ce ta daban. Yaro ya koyi cewa "ina cin abinci" ita ce "I am eating", sai ya ɗauka duk inda "ina" ta fito "am" da "ing" za su biyo. Daga nan "ina da mota" ta zama "I am having a car", "ina son ruwa" ta zama "I am wanting water", "ina jin Turanci" ta zama "I am hearing English". Turanci yana da wasu aikatau da ke nuna hali ko mallaka, ba aikin da ake gani ana yi ba, kuma a wannan ma'ana ba sa karɓar "ing". Waɗanda suka fi yawo su ne "have" ta mallaka, "know", "want", "like", "need", "believe", "understand", "own" da "belong". Tara ne, rana ɗaya ta isa a haddace su. Wani abin lura: wasunsu Hausa da siffar abin da ya wuce take faɗarsu, na sani, na gane, na yarda, alhali yanzu ake nufi. Wanda ya bi siffar zai ce "I knew him" yana nufin ya san mutumin yanzu, Bature kuwa ya fahimci da can ne ya san shi, ko ma mutumin ya rasu. "I know him" ake cewa.

"Ina zaune a Zariya tun 2015" ita ma da "ina" ta fara, amma abin da ya faro a baya yake kuma ci gaba Turanci da "have" yake faɗarsa: "I have lived in Zaria since 2015" ko "I have been living". "Since" tana bin wurin farawa, shekara kaza, ranar kaza, ƙarfe kaza. "For" tana bin tsawon lokaci: "for ten years", "for three hours". Hausa da "tun" take iya rufe duka biyun, shi ya sa kawun nan na Kaduna ya samu "since ten years".

"Nakan" kuma ba "use to" ba ce. Al'adar da ake kai yanzu aikatau zalla ke ɗaukarta: "I pray at dawn", "He gives us advice". "Used to" ta abin da aka daina ce, wato "da nakan". Wanda ya ce "I used to pray" ya shaida wa duniya ya bar salla, ba tare da ya sani ba.

Aikatau masu taurin kai, waɗanda ba sa karɓar "ed", sun kusa 200, amma kimanin 60 ne ake cin karo da su kullum. Kada a haddace su bisa jerin a, b, c yadda suke a bayan ƙamus, wahala ce. A kasa su gida-gida bisa amo. Masu tsayawa cik: "cut, cut, cut", "put", "hit", "cost". Masu komawa "ought" ko "aught": "buy, bought, bought", "bring", "think", "teach", "catch". Masu juya wasali sau uku: "sing, sang, sung", "drink", "begin", "swim". Masu ƙarewa da n a siffa ta uku: "write, wrote, written", "take", "give", "break", "see". Gida ɗaya a kwana biyu. Siffa ta biyu ita kaɗai take tsayawa, ta uku kuwa sai da rakiyar "have", "has", "had" ko "was", "were", "is", "are". Shi ya sa "I have went" da "I seen him" duka ba su yi ba. Wannan siffa ta ukun ce kuma take fassara "an" ɗinmu: an sace wayata, "My phone was stolen" ko "has been stolen". Ba sai an ƙirƙiro wasu "they" da ba a san su ba.

Tambaya a Hausa sau da yawa ɗaga murya kawai ake yi, ko a sa "shin" ko "ko". Turanci sai an juya jeri, mataimakin aikatau ya wuce gaban aikau: "Where are you going?", ba "Where you are going?" ba. In kuwa ba da labarin tambayar ake yi, jerin ya koma daidai, ayar tambaya ta faɗi: "He asked me where I was going." Wani abu kuma da ke jawo rashin fahimta har a ofis da asibiti shi ne amsa tambayar korewa. Aka ce da Bahaushe "Ba ka ci abinci ba?" zai ce "E", yana nufin gaskiya ne, bai ci ba. Turanci ba ya duba yadda aka yi tambaya, abin da ya faru yake dubawa. "Haven't you eaten?" in ba ka ci ba "No, I haven't" ne, in ka ci "Yes, I have". Likita ya tambayi mara lafiya "Didn't you take the medicine?" ya ce "Yes" alhali bai sha ba, ka ga an shiga wani hali.

Mu koma kan suna. Hausa tana cewa "na sayi mota" ba tare da komai a gaban mota ba. Turanci ba ya barin sunan abu tilo da ake iya ƙirgawa ya tsaya tsirara, sai an sa masa "a", "an", "the", ko irin su "my" da "this". Ma'aunin da muke da shi a gida shi ne ɗafa-ƙeyar nan, n da r: mota, "a car", motar, wato wadda aka sani, "the car". Na sayi mota, motar fara ce: "I bought a car. The car is white." Zaɓi tsakanin "a" da "an" da kunne ake yinsa, ba da ido ba. "An hour" da "an honest man" saboda ba a furta h ɗinsu; "a university" da "a European" saboda da amon y suka fara. Sana'a ma sai da su: shi malami ne, "He is a teacher".

Sunayen da ba a ƙirgawa su ne inda Hausa take jan yaro cikin rami kai tsaye, saboda mu muna yi musu jam'i lafiya lau. Shawarwari, bayanai, kayayyaki, sai su fito a matsayin "advices", "informations", "equipments", "furnitures", "luggages". Babu ko ɗaya a Turancin jarrabawa. Ba sa karɓar s, ba sa karɓar "a", ba sa karɓar "many". In ana son ƙirga su sai a ce "a piece of advice", "two items of furniture". Kuɗi kuwa mu mukan ce sun ƙare, a Turanci tilo ne: "The money is not enough." "Nawa" da "da yawa" su ma gida biyu suka rabu, "many" ga abin da ake ƙirgawa, "much" ga wanda ba a ƙirgawa. Yara nawa, "how many children". Nawa ne, "how much is it". Wanda ya rikice a jimlar da ba tambaya ba ce ya sa "a lot of", tana tafiya da kowanne.

Jinsi da sifa ba za su ɗauke mu lokaci ba. Mota mace ce a Hausa, gida namiji, amma a Turanci duk abin da ba mutum ba "it" ne. Sifa ba ta bin jam'i: fararen motoci, "white cars". Kwatanci "er" ne ga gajerar kalma, "more" ga doguwa, ba a haɗa su: "taller", "more beautiful", babu "more better". Mallaka juyawa take yi, motar Audu ta zama "Audu's car", ɗakin yara maza "the boys' room". "Its" mallaka ce, "it's" kuwa taƙaitawar "it is" ce ko "it has". Jimla kuma ba ta tsayawa ba aikau: ana ruwa, "It is raining", akwai mutane, "There are people". "Am fine" da ake rubutawa a WhatsApp ba jimla ba ce, "I" ta ɓace.

Ƙaramar kalmar nan "a" ta Hausa aikin kalma uku na Turanci take yi mana. A Turanci lokaci tsani ne mai mataki uku: "at" ga agogo, "at 7 o'clock", "on" ga rana da kwanan wata, "on Friday", "on 1st October", "in" ga wata da shekara, "in March", "in 1960". Wuri ma kusan haka ne: "at the gate", "on the table", "in Kano". "Da" ce take haifar da "married with", daidai kuwa "married to". "Tattauna a kan" ce take haifar da "discuss about", alhali "discuss" ba ta son rakiya. "Shiga cikin ɗaki" kuma "enter the room" ne kawai. Sauran irin waɗannan babu wata doka da ke tattara su, tare da kalmar ake koyonsu kamar tagwaye: "good at", "afraid of", "interested in", "depend on", "listen to", "congratulate on". A rubuta su cikin jimla, ba a jeri ba.

Akwai kuma kalmominmu masu faɗin ciki. "Ji" kaɗai ta rabu zuwa "hear", "feel", "smell", "taste" da "understand". "Sha" ta rabu zuwa "drink water", "take medicine", "smoke", "eat a mango". "Ci" ta zama "eat", "pass an exam", "win a match". Ara da koya kuwa Hausa da "mini" ko "wa" take juya alkiblarsu, Turanci kalma yake canzawa ɗungurungum. Na ari biro, "I borrowed a pen". Ara mini biro, "Lend me a pen". Na koyi ɗinki, "I learnt". Koya mini, "Teach me". "Ina zuwa" da mai fita yake cewa kuma "I will be right back" ce. "I am coming" ta mai nufowa ce.

Da jimla ta yi tsawo sai wasu matsaloli huɗu su fito. Hausa tana son "duk da cewa" ta tafi da "amma", Turanci ɗaya yake ɗauka, ko "although" ko "but". Sharaɗi yana da ma'aunai da suka dace da namu sosai: idan ya zo zan faɗa masa, "If he comes, I will tell him", ba a sa "will" a ɓangaren "if", da na sani da ban je ba, "If I had known, I would not have gone". Sai wakilin sunan da muke maimaitawa a ƙarshe: wuƙar da na yanka nama da ita, yaron da na ba shi kuɗi. "Ita" da "shi" ba sa ƙetarawa: "the knife I cut the meat with", "the boy I gave money to". Na huɗu shi ne waƙafi. Bahaushe yana jera magana, ya zo, ya zauna, ya ci abinci, ya tafi, da waƙafi kaɗai, kuma daɗin labarinmu ke nan. A Turanci cikakkun jimloli biyu ba a ɗinke su da waƙafi. Ko a sa aya, ko a sa mahaɗi irin "and", "but", "so". Shawararmu ga mai koyo ita ce kada jimlarsa ta wuce kalma 15 zuwa 20 har sai hannunsa ya faɗa.

Yanzu a dubi kawun Kaduna bayan wanka: "My uncle has been living in Kaduna for ten years and he gives us a lot of advice. Although he does not have money, he always lends me his phone." Babu wata babbar kalma da aka ƙara.

Wani ɓangare na matsalar a baki yake farawa ya gangara kan takarda. Yawancin kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, kuma ba mu saba jera baƙaƙe biyu ko uku a ƙarshen kalma ba. Saboda haka yaro ba ya furta ƙarshen "walked" ko "asks", abin da bai furta ba kuwa ba zai rubuta ba. Dole a koya masa cewa "ed" amo uku ne: t a "walked", d a "played", id a "wanted" da "needed". Haka p da f, tunda a Hausa ba sa bambanta ma'ana, "pull" da "full" sai su cakuɗe. A riƙe takarda gaban baki: p leɓɓa biyu ne suke rufewa su buɗe da iska har takardar ta motsa, f haƙoran sama ne kan leɓen ƙasa. "Live" da "leave", "sit" da "seat" kuwa mai bambanta garin Kano da garin tuwo ba zai sha wuyar jin su ba.

Yadda za a yi aiki da duk wannan, ga abin da muke ba da shawara. Doka ɗaya a mako, kada a ƙara. Zangon karatu yana da mako 12 ko 13, ya isa a bi su kaf: makonni biyu na farko ga s da ninka mai aiki, huɗu ga lokuta, ɗaya ga tambaya da korewa, biyu ga suna, saura ga ƙananan kalmomi da dogayen jimloli. Kowane ɗalibi ya ware littafi guda ya raba shafi gida uku: jimlar Hausa, yadda ya fara rubuta ta da Turanci, da yadda ya kamata. Jimla goma a rana, minti 20, kuma a kan rayuwarsa, kasuwa, gona, gidansu, ba a kan dusar ƙanƙarar Landan ba. Gidan tsakiya kada a goge shi, don shi ne yake nuna wa yaro ramin da ya saba faɗawa. Malamin da ke da yara 80 ko 100 a aji ba zai iya duba komai ba, kuma ba sai ya yi ba. Ya sa su musanya littattafai, a duba dokar wannan mako kaɗai. Takardar da aka cika da jan biro tun daga sama har ƙasa ba ta koya wa yaro komai sai tsoro. Wajen rubutun kalma kuma a tsaya kan tsari ɗaya, na Ingila da makarantunmu suke bi, kada a rubuta "colour" a sama "color" a ƙasa.

Muna kuma kira ga shugabannin makarantun da suke cin tarar yara don sun yi Hausa su sassauta aƙalla a ajin nahawu. Mun yarda yaro yana buƙatar ya ji Turanci ya kuma yi magana da shi sosai, ba mu ce a mayar da darasin Turanci na Hausa ba. Minti biyar ne a farkon darasi, a rubuta jimlar Hausa a allo, a rubuta ta Turanci a ƙarƙashinta, a ja layi inda suka saɓa. Malaman Hausa suna da kalmomin nahawun nan a hannu, aikau, aikatau, karɓau, lamirin lokaci, kuma yara sun san su. Zama ɗaya a ɗakin malamai ya isa a daidaita jadawalin darussan biyu.

Ga masu shiga jarrabawa bana kuwa, kimanin minti 50 ake ba insha'i. A kashe 5 wajen tsara abin da za a faɗa, 35 wajen rubutu, a bar 10 don bita, kuma bitar sau uku ake yi, kowace da abin da take farauta. Ta farko aikatau kaɗai: a ɗora biro kan kowane, a tambayi wa ya yi, yaushe ya yi, s ko "ed" tana nan? Ta biyu sunaye: tilo ya samu "a" ko "the", an liƙa wa "advice" ko "information" s? Ta uku alamomi: babban baƙi a farkon jimla, a "I", a sunan rana da wata da gari da harshe, aya a ƙarshe, da duk waƙafin da ya ɗinke jimloli biyu. Wanda ya ga kuskure ya ja masa layi ɗaya ya rubuta gyaran a samansa yadda mai maki zai iya karantawa.

Mun gode, Malam Edita. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu malaman Turanci na sakandare,
Zariya.